Wa Ke Biyan Mai Gadin Ruwa?

A unguwannin da jama'a suka haɗa kuɗi suka ɗauki mai gadin dare, ƙarshen wata ba ya zuwa sai da 'yar rigimarsa. Wani matashi da dattawan layi suka amince da shi yakan ɗauki littafi da biro bayan sallar isha'i, ya bi gida-gida yana sallama. Wasu tun kafin ya buɗe baki sun miƙo nasu. Wasu su ce ya dawo jibi. Ba a kuma rasa wanda zai tsaya a bakin zaure, ya gyara hula, ya ce: "Kai yaro, wai gadin me ake yi ne? Rabon da a yi sata a layin nan an fi shekara." Matashin ya ce: "To ai Baba, shi ya sa." Dattijon ya kaɗa kai ya koma ciki bai biya ba, ya kuwa kwana lafiya da babur ɗinsa a soro kamar kowa.

Wahalar aikin mai gadi ke nan. In ya yi shi da kyau, gari zai waye babu abin nunawa: ba ƙofar da aka ɓalle, ba akuyar da ta yi ɓatan dabo, ba kukan kowa. Abin da yake sayar wa mutane shi ne asarar da ba ta same su ba, ɗan Adam kuwa hannunsa na da nauyi wajen biyan abin da idonsa bai gani ba.

Ruwan da muke sha da kifin da muke ci su ma suna da masu gadi irin wannan. Dajin da ke kan tsauni yana riƙe ƙasa kada ta zaizaye ta cike madatsar ruwa da laka. Fadama tana shanye ambaliyar damina, ta tsiyaye ta a hankali cikin ƙasa, rijiyoyi su samu da rani. Itatuwan da ke tsirowa cikin taɓo da ruwan gishiri a bakin teku suna karya ƙarfin igiyar ruwa, a tsakanin saiwoyinsu kuma 'ya'yan kifi da ƙaguwa da jatan lande ke girma kafin su fita teku. A gefen kowane irin wannan wuri akwai mutanen da rayuwarsa da mutuwarsa ke hannunsu: manomin gangaren tsauni, masunci, mai saran itace, makiyayi. Yawancinsu talakawa ne. Mai cin moriyar kuwa sau da yawa yana can nesa cikin birni, murɗa famfo kawai ya sani.

Tun wajen shekarun 1990 ake jarraba wata dabara a ƙasashe da dama: wanda ke amfana da ruwan ya biya wanda ke tsare shi, bisa sharaɗin cewa tsaron yana gudana da gaske. Ni ina tare da wannan dabara, domin a ganina kuɗin nan haƙƙin aiki ne, kada a ɗauke shi sadaka. Sai dai duk wanda ya taɓa zama taron 'yan layi kan batun mai gadi ya san amincewa a biya ita ce mafi sauƙi. Abin da ke biyo baya shi ke raba kan mutane.

Mai shago ya fi kowa saurin biya a layi, don ya yi lissafi ya ga kuɗin gadin shekara bai kai kayan kanta ɗaya ba. Birnin Niyok na Amurka ya yi irin wannan lissafi. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da mutum wajen miliyan tara ke sha a birnin da kewayensa daga tsaunukan Katskil da mafarin kogin Delawa yake gangarowa, tafiyar fiye da kilomita 150. A 1989 hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta kafa doka cewa duk garin da ke shan ruwan kogi ko tafki sai ya tace shi, sai fa in zai iya nuna yana kare inda ruwan ke fitowa. Aka ƙiyasta matatar da za ta ishi Niyok za ta ci dala biliyan 6 zuwa 8, ban da ɗaruruwan miliyoyin da za a riƙa zubawa kowace shekara don tafiyar da ita.

Da farko birnin ya so ya bi ta ƙarfi. A 1990 ya fito da daftarin dokoki masu tsauri a kan manoman yankin, waɗanda yawancinsu masu kiwon shanun madara ne. Suka ce ba su san zancen ba, kuma suna da dalili, domin a shekarun baya an tashi garuruwansu don a gina wa birnin madatsu, ruwa ya shanye gonaki da gidajen iyayensu. Sai da aka zauna aka yi ta ja-in-ja, aka fara da shirin gonaki, sannan a 1997 aka sa hannu kan babbar yarjejeniya. Birnin ya ɗauki nauyin gyara ramukan masai na gidaje, da inganta wuraren tace ruwan ƙazanta na ƙananan garuruwa, da sayen fili daga wanda ya yarda ya sayar don kansa. A gonaki aka yi shinge kada shanu su shiga rafi, aka kafa musu komin shan ruwa a gefe, aka gina wurin tara kashinsu kada ruwan sama ya kwashe shi. Manoman ne da kansu ke tafiyar da shirin ta majalisarsu, shiga kuma ba dole, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan gonakin suka shiga. Abin da birnin ya kashe ta wannan hanya a shekarun farko ana ƙiyasta shi wajen dala biliyan ɗaya da rabi. Ragowar ruwansa kuwa daga yankin Kuroton yake zuwa, inda gine-gine da tituna suka riga suka mamaye. Can dole aka gina matata, aka buɗe ta a 2015 bayan ta ci fiye da dala biliyan 3.

Niyok ta san masu gadinta, su ma sun san ta, bututu ɗaya ya haɗa su. To yaya za a yi in mai biya yana wata nahiya, bai taɓa ganin wurin ba? Nan ne usur ke da amfani. Mai gadi yakan busa usur ko ya buga ƙarfe a tsakar dare, ɓarawo ya ji, masu gida ma su ji daga kan shimfiɗarsu cewa mutumin nan yana bakin aikinsa. In aka yi mako ba a ji usur ba, ƙarshen wata matashi mai littafi zai sha tambaya.

A gaɓar tekun Indiya, kimanin kilomita 50 kudu da Mombasa ta Kenya, akwai ƙauyukan masunta biyu, Gazi da Makongeni. Itatuwan ruwan gishirin nan, waɗanda mutanen can ke kira mikoko, sun daɗe suna shan gatari, domin sandunansu na da ƙwari wajen gini, itacensu kuma na ci da kyau a murhu. Da dajin ya yi ta raguwa, teku ta fara cin gaɓa, wuraren renon kifi suka ragu. A 2013 aka fara shirin Mikoko Pamoja, da taimakon masana daga cibiyar binciken teku da kamun kifi ta Kenya da abokan aikinsu na Birtaniya. Mutanen ƙauyukan suka ɗauki alkawarin tsare hekta 117 na dajin da sake dasa wuraren da aka sare. Abin da suke sayarwa shi ne aikin da itatuwan ke yi na zuƙe iskar kabon mai ɗumama duniya. Ganye da saiwar da suka mutu suna nutsewa cikin taɓon da iska ba ta ratsa shi, ba sa ruɓewa da wuri, shi ya sa hekta ɗaya ta irin wannan daji ke iya riƙe ninki uku ko fiye na abin da kurmin tudu ke riƙewa. Kowace shekara suna sayar da shaidar kusan tan 3,000 na iskar kabon ga kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane a ƙasashen waje.

Usur ɗinsu shi ne awo. In ruwan teku ya janye, samari da 'yan mata na ƙauyen sukan kutsa cikin dajin, taɓo har gwiwa, da igiyar awo da takarda a hannu. A wuraren da aka yi wa alama sukan auna kaurin kowane itace, su ƙirga 'yan tsiron da suka kama, su ƙirga kututturan da aka sare kwanan nan. Rahoton yana tafiya ga ƙungiyar Plan Vivo mai ba da shaidar, lokaci-lokaci kuma masu bincike na waje su zo su duba da idonsu. In saran ya wuce iyakar da aka amince, kuɗin na raguwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sun kuma yi tunanin abin da 'yan layi suka sani sarai, wato in ka tsananta gadi a layinku, ɓarawo layin baya yake komawa. Hana saran mikoko a Gazi ba zai kashe buƙatar itacen girki da sandunan gini ba, gatarin zai ƙaura ne kawai zuwa dajin maƙwabta. Saboda haka aka dasa gandun itatuwa masu saurin girma a kan tudu don a riƙa samun abin amfani. Kuɗin da ke shigowa dubban daloli ne a shekara, bai kai miliyoyi ba, amma a taron gari ake yanke abin da za a yi da shi, kuma an gan shi a ƙasa: famfunan ruwan sha, littattafan 'yan makaranta, gyaran azuzuwa. A 2017 shirin ya sami kyautar Ikwaita ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2019 kuma aka buɗe irinsa a Vanga, kusa da iyakar Tanzaniya, mai hekta 460.

Akwai kuma cikin mai gadi. Wanda ya kwana a tsaye cikin sanyin hunturu, aka kai goma ga wata ba a biya shi ba, yara na jiransa a gida, kada a yi mamaki in ya fara gyangyaɗi ko ya nemi wani aikin. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙasar Bangaladash ta fahimci wannan a kan ilish, kifin da mutanenta suka fi ƙauna, wanda ke barin teku ya hauro kogunan Megna da Padma don ya zuba ƙwai. Kamun ya yi yawa har abin da ake samu ya faɗo ƙasa da tan 200,000 a shekarar 2002 zuwa 2003. Gwamnati ta keɓe wasu sassan koguna, ta hana kama 'ya'yan kifin da ake kira jatka, ta kuma hana kamun kifin gaba ɗaya na kwana 22 a wajen watan Oktoba, lokacin da iyayen ke ɗauke da ƙwai. A madadin haka ana ba gidan masuncin da ke da rajista kilo 40 na shinkafa a wata har wata huɗu, daga Fabrairu zuwa Mayu, da wani kason kuma a lokacin hanin Oktoba. Wajen 2018 abin da ake kamawa ya haura tan 500,000.

Nasara ce babba, amma sai an leƙa gidan masuncin kafin a san nauyinta. Kwalekwale na kife a bakin gaɓa, taru na rataye, buhun shinkafa na jingine a lungu. Shinkafa ba ta sayen mai da gishiri, ba ta biyan kuɗin magani, ba ta kuma sallamar dillalin da ya ba shi bashin jirgi da taru, wanda ba ruwansa da hanin gwamnati. Masu bincike sun sha samun cewa ba kowane masunci ne ke cikin rajista ba, rabon yakan makara, wani lokaci buhun ya iso bai cika ba, sannan a tarar da sunayen waɗanda ba su taɓa riƙe taru ba. Wanda aka bari a haka yakan saci hanya ya fita su da dare, in aka kama shi a ƙone tarunsa, wataƙila har da ɗauri. Birazil ma, wadda tun 1991 take biyan ƙananan masunta mafi ƙarancin albashin ƙasa a watannin da aka rufe kamun kifi, ta sha fama da sunayen bogi a rajistarta. Diyya in ba ta kai girman abin da aka hana mutum ba, ko ba ta zo a kan kari ba, talaka ne ke biyan kuɗin gadin daga cikin 'ya'yansa.

Akwai masu cewa wannan ai biyan ɓarawo ne don ya bar sata. Maganar ta cancanci amsa. A layi babu wanda zai yarda a yanka wa mai haura katanga albashi, domin gobe goma za su zo da tsani suna neman nasu. Amma masuncin da ya gaji kogi kaka da kakanni ba ɓarawo ba ne. Halalinsa yake ci, jama'a ne suka zo suka ce ya ajiye shi na wani lokaci don amfanin kowa, saboda haka nauyin cike masa gurbi na wuyansu. Haka manomin da aka ce ya bar gefen gonarsa na bakin rafi ya zama ciyawa. Shi kuwa mai masana'antar da ke malalo ruwan jima ko na rini cikin kogi ba ya bin kowa ko sisi don ya daina. Shi ake bi, kuma doka ce maganinsa. Duk shirin da ya kasa raba waɗannan mutum biyu zai ƙare da saka wa mai ɓarna, ya bar mai haƙuri hannu rabbana.

Wani lokaci kuma ana biyan gadin da ba a buƙata, kamar a ɗauki mai gadi a ajiye shi a layin da ke jikin ofishin 'yan sanda. Kosta Rika ta yi suna a wannan fanni. Dokar dazukanta ta 1996 ta lissafa kare ruwa cikin ayyukan da daji ke yi, daga 1997 kuma ta fara biyan masu filaye da kuɗin da akasari ke fitowa daga harajin man fetur. Dazukan ƙasar sun farfaɗo har sun rufe fiye da rabinta. Duk da haka masu nazari sun gano cewa a shekarun farko kuɗi mai yawa ya tafi ga filayen da dama can ba mai niyyar sare su. In kuɗi kaɗan ne, inda haɗari ya fi yawa ya kamata ya fara zuwa.

Sai kuma batun mai littafi. Tsakanin mai biya da mai tsaro akwai masu awo, da masu ba da shaida, da dillalai, kowa da kasonsa. Wasunsu dole ne, amma in ba a sa ido ba sai abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mafi muni shi ne ranar da aka gane dajin bakin teku na kawo dala, sai wani mai ƙarfi ya ɓullo da takardar mallaka, a kori waɗanda suka rayu a wurin tun fil azal. Kafin a yi maganar nawa za a biya, sai an tabbatar wa mutanen wuri haƙƙinsu a rubuce. A Gazi ma sai da aka ƙulla yarjejeniyar kula da dajin tsakanin jama'a da hukumar dazuka ta Kenya kafin a sayar da komai.

Dattawa kan tuna lokacin da ba a biyan kowa, samarin layi ne ke karɓa-karɓar kwana a waje, maƙwabci kuma in ya ji motsi a gidan maƙwabcinsa da gora yake fitowa. Da aka ɗauki mai gadi sai wasu suka ja bargo, suka ce ai mun biya. Ruwa ma yana da irin wannan tsohon tsari. A Argungu, sashen kogin Matan Fada da ake bikin kamun kifi a cikinsa a rufe yake ga masunta sauran kwanakin shekara, ƙarƙashin idon Sarkin Ruwa, kuma mutunci da al'ada ne ke riƙe da wannan hani. Kuɗin da ya shigo irin wannan wuri ya tsallake masu faɗa a ji na gargajiya zai iya koya wa mutane cewa ba a kyautata wa kogi sai an ga naira. Gara ya bi ta hannun tsarin da ya tarar, ya ƙarfafa shi.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan shirye-shirye shi ne ƙarewar kuɗi. Wani mai hali ya ɗauki nauyin mai gadi shekara uku, ya tashi daga unguwar, a wayi gari babu mai gadi babu kuma al'adar haɗa kuɗi. Tallafin ƙasashen waje haka yake, yana da ranar ƙarewa, kogi kuwa ba shi da ita. Shi ya sa birnin Kito na ƙasar Ikwado ya kafa asusun ruwa a shekarar 2000 da wa'adin shekara 80, kamfanin ruwan birnin yana zuba masa wani ɗan kaso na kuɗin da yake karɓa, wanda aka fara da kashi ɗaya aka kai shi kashi biyu cikin ɗari. Kenya ta bi sahu a 2015 da asusun saman kogin Tana, kogin da ke ba Nairobi kusan kashi 95 cikin ɗari na ruwan shanta, yake kuma juya injunan lantarki. Da damina jar ƙasar gonakin gangare takan kwararo ta toshe matatu ta cike madatsu. Kamfanin ruwan birnin da na lantarki da masu sarrafa abin sha suka zuba kuɗi, ana taimaka wa dubban ƙananan manoma su yi wa gonakinsu matakala, su dasa ciyawa mai riƙe ƙasa da itatuwan marmari, su haƙa 'yan kududdufan tara ruwan sama. Manomi ya sami ƙarin amfani, birni ya sami ruwa mai ƙarancin laka, mai biyan kuma yana nan muddin ana shan ruwa a Nairobi.

Mu ma muna da inda wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna bazuwa a dausayin Haɗeja da Nguru kafin su zama kogin Yobe su nufi tafkin Chadi. Ambaliyar da ke sauka can kowace shekara ita ke ba da shinkafar fadama, da kifi, da makiyayar rani, ita ke cika rijiyoyin garuruwa masu nisa, har tsuntsaye daga Turai suna zuwa cin rani a wurin. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke isa can ya sake hali. Babbar ambaliya ta ragu, sai ɗan ruwan da ke gudana rani da damina, yanayin da ciyawar kacalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya yi ta nutsewa wani ya bushe, tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya suna cinye hatsi. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna suka nuna cewa amfanin da ruwa ke bayarwa in ya isa dausayin ya ninka nesa ba kusa ba abin da ruwa daidai wannan ke bayarwa a aikin noman rani na kogin Kano. A 2006 jihohi shida, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka amince da kafa asusun kula da wannan ruwa.

Masu aikin tsaron suna nan, ba sai an nemo su ba. Mutanen ƙauyukan dausayin sun daɗe suna yin gayya, su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda suna yanke kacalla don hanya ta buɗe, ruwan kuma ya wuce ya amfani garuruwan da ba su san sunansu ba. Masu amfana su ma sanannu ne: mai famfo a Kano, manomin tumatir da shinkafa a Kura da Kadawa, masana'antu, dillalan busasshen kifi. Abin da nake kira gare shi shi ne a ware ɗan kaso sananne daga kuɗin ruwan birni da na noman rani ya riƙa shiga asusun nan kowane wata bisa doka, yadda canjin gwamna ba zai tsayar da shi ba. A biya ƙungiyoyin gayya gwargwadon tsawon hanyar ruwan da suka buɗe aka je aka gani. In za a rufe kamun kifi lokacin da kifi ke ƙwai, a sallami masunta kafin ranar rufewa. A kafe sunayen waɗanda aka biya da abin da kowa ya karɓa a ƙofar gidan dagaci, kowa ya karanta. Sannan a saki ruwa daga Tiga da Challawa a lokacin da fadama ke buƙatarsa, a sanar da mutanen ƙasan kogi tun da wuri, domin duk kuɗin da za a biya ba zai raya dausayin da aka hana shi ambaliyarsa ba.